Lemo a Gonar Aro

A shekarun da nake magana a kansu, na yi imani cewa abu ɗaya ne ya tsaya tsakanin ƙaramin manomi da rufin asiri, wato ɗan sari. Na ɗauka idan aka haɗa mai noma da mai ci ido da ido, aka kawar da wanda ke tsaye a tsakaninsu, sauran matsaloli za su warware da kansu. Na karanta hakan a jami'a, amma ba karatun ne ya dasa mini shi a rai ba. Abin da nake gani ne kowace safiya a bakin rafin Romi idan zan tafi makarantar da nake koyarwa: a-kori-kura ta tsaya a kan hanya, matan da suka yi wata da watanni suna ban ruwa sun jera kwandunansu, wani mutum kuma yana taɓa kowane kwando da ƙafa yana yanka masa farashi, ba tare da ya dubi fuskar mai shi ba. Ganye ba ya jiran gobe. Sun san haka, shi ma ya sani.

Wannan a tsakiyar shekarun tamanin ne, lokacin tsuke bakin aljihu, sa'ad da ake bin layi don sabulu da madara, masaƙun Kakuri kuma suna sallamar ma'aikata rukuni-rukuni. Ni da matata muna haya a wani gida a Romi. Ɗakin da ke kallon namu na wata gwauruwa ce wadda duk gidan ke kira Mama. Daga kudancin jihar nan ta fito kamar mu, sai dai harshenmu ba ɗaya ba ne, saboda haka da Hausa muke magana. Mijinta yana cikin waɗanda masaƙa ta sallama, bai daɗe a gida ba ciwo ya kwantar da shi, ya rasu ya bar ta da yara huɗu. Bayan jana'iza 'yan'uwansa suka ce ta koma ƙauye, a raba yaran tsakanin baffanninsu kamar yadda aka saba. Ta durƙusa ta roƙe su a bar mata 'ya'yanta wuri ɗaya, ta ce tana da gona. Babban wansa ya ce, to, muddin gonar tana riƙe da su ba wanda zai taɓa su; ranar da ta kasa, magana ta koma hannun dangi.

Gonar ba tata ba ce. Wani tsiri ne na fadama a bakin rafi, wanda mijinta ya karɓa aro tun suna sabbin zuwa, daga hannun wani tsoho Bagbagyi da kakanninsa suka sari wannan daji tun birni bai ƙetaro kogi ba. Babu takarda a tsakaninsu, babu kuɗin haya. Idan amfani ya nuna, za a kai wa tsohon kwandon farko. Idan ya kira gayyar yin kunyoyin doya, za a je. Sai kuma doka guda da kowane ɗan aro ya sani ba sai an faɗa masa ba: ba ya dasa itace. Abin da za a shuka a girbe cikin shekara na mai aro ne. Abin da zai kafa saiwa ya daɗe har a gaje shi, mai ƙasa ne kaɗai ke da ikon sa shi a ƙasa, domin itace shaida ce ta mallaka.

Tunanin kafa kasuwar da manomi zai sayar wa mai ci kai tsaye ya taso ne a hirar bayan sujada tsakanina da wasu maƙwabta kaɗan. Muka nemi izinin mai unguwa, muka yi ta zarya zuwa ƙaramar hukuma har aka ba mu wani fili a gefen makarantar firamare. Muka kafa rumfuna da gora da zana, muka zaɓi Asabar, muka kuma yi ƙa'ida ɗaya da nake alfahari da ita a lokacin: ba mai baje kaya sai abin da ya noma ko ya sarrafa da hannunsa. Aka ɗora mini aikin sakatare, watakila don ni ne ba na rabuwa da biro.

Asabar ta farko ba ta yi armashi ba. Masu sayarwa sun fi masu saye yawa, kowa ya zauna yana kallon hanya. Wani makanike ɗan ƙabilar Ibo da ke da gareji a Sabon Tasha ya tsaya da babur ɗinsa, ya ƙare mana kallo.

"Malam, wannan shi ne kasuwa? Ni na ɗauka zaman makoki ne, na zo in yi gaisuwa."

Mama ta ɗago daga bayan tulin alayyafonta ta ce, "Oga, in saye ka zo, ka saya. In kallo ka zo, akwai kuɗin kallo."

Ya yi dariya har ya dafa babur, ya sayi alayyafo da attaruhu, ya ce matarsa za ta kashe shi don ba ta aike shi ba. Tsohon nan da ya ba Mama aron gona yana zaune a gindin wata ɗorawa, inda matan gidansa suka sauke doyar da suka ɗauko a kafaɗa. Ya kira ni da hannu ya ce, "Malam, kasuwa ba ta ci sai hayaƙi ya tashi a cikinta. Ku nemo mai suya." Asabar ta gaba matar makaniken ta zo da kaskon ƙosai, bayanta wani mahauci daga Kakuri ya kafa tukubar tsire. Ko hayaƙin ne, ko kuwa labari ne ya kai inda za shi, ban sani ba. Amma kafin damina ta sauka, kasuwar ta kama. Matan ma'aikatan matatar mai suna zuwa daga wajen Mahuta, motocin da suka fito daga Gonin Gora suna tsayawa, har masu kabu-kabu suka fara kiran sunan wurin.

Zan iya cewa shekaru biyun da suka biyo baya su ne mafi sauƙi da Mama ta gani tun rasuwar mijinta. Yaran suka daina zuwa makaranta da yagaggen yunifom. Ta sa aka gyara mata jigon da take ɗebo ruwa da shi daga rafi. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne muryarta, wadda a da ba ta wuce ƙofar ɗakinta, yanzu kuwa ana jin ta daga wannan bakin kasuwa zuwa wancan. Tsohon ba ya fashin zuwa, kuma ɗiyata yake kiranta.

"Ɗiyata, alayyafon bana ya fi na bara. Taki ne ko addu'a?"

"Ƙasarka ce mai albarka, Baba."

"To in ƙasata ce, ki daina zaɓo mini na gindin kwando."

"Baba, na gindin ai shi ya fi laushi. Haƙoranka nake tausayi."

Haka suke yi kowane mako, mu kuwa muna dariya. Ina kallonsu ina ganin abin da na yi imani da shi ya tabbata a gabana.

Cikin ƙananan 'yan kasuwar da wurin ya jawo akwai wani mai dashe da ke zuwa a kan keke, ya jero ƙananan itatuwa a baƙaƙen leda: gwaiba, mangwaro, da lemo mai aure, wanda ya ce ba ya daɗewa yake fara 'ya'ya. A lokaci guda kuma masu sayen ganyen Mama suna yawan tambayarta, "Mama, ba kayan marmari?" Ta fara da gwanda, ba wanda ya ce uffan, don gwanda ba ta daɗewa, ba a lissafa ta cikin itatuwa. Amma idonta yana kan lemon. Ta gaya wa matata cewa ƙarfinta na jan jigo ba zai dawwama ba, lemo kuwa idan ya kama, ko tana kwance zai ciyar da yara.

Wata ranar Lahadi da yamma, suna ɓarar agushi da matata a tsakar gida ina gefe ina duba aikin ɗalibai, Mama ta ba mu labari cewa ta je ta tambayi tsohon izinin dasa lemon, ya kuma amince.

"Me ya ce?" in ji matata.

"Ya ce, 'Dasa mana, ɗiyata. In ya yi 'ya'ya ki kawo mini na fari, in na kai lokacin.'"

"Su wa ke wurin, Mama?"

"Ni da shi da Allah. Sai akuyarsa."

Matata ta ajiye faifan da ke cinyarta. Ta tuna mata cewa irin wannan izini ba a karɓarsa a bayan ɗaki. Akan kai zakara ko tulun burkutu, a tara 'ya'yan mai ƙasa da dattawa biyu ko uku, ya faɗa da bakinsa kowa ya ji.

"Na sani, ƙanwata, ba yau aka haife ni ba," in ji Mama. "Amma ki duba. Mutumin nan ya riƙe mu tun kafin a haifi babban ɗana. Ranar da mijina ya rasu, shi ya fara aiko da doya. Yau ya ce mini dasa, sai in ce masa, Baba, tara 'ya'yanka ka maimaita? Me na faɗa masa ke nan? Ko dai na ce maganarsa ba ta isa ba, ko na ce ya kusa mutuwa. Wanne zan zaɓar masa?"

Na ce idan tana so, ni sai in raka ta, in ɗauko maganar a hankali.

"Kai, Malam? Da biron nan a aljihu? Yana ganinka zai ce kotu na kawo masa."

Ta ce za ta jira lokacin kai kwandon farko, sa'ad da 'ya'yansa ke zaune a gida, ta ambaci lemon cikin hira, shi kuma ya amsa a gabansu, magana ta zauna da kanta ba wanda ya ji kunya. Dabara ce mai kyau, kuma irin ta mutanen da suka san darajar kara. Ta dasa lemon a jere a gefen tudun gonar, ta kewaye kowanne da ƙaya saboda awaki. Da lokacin kwandon ya zo, ta tarar 'ya'yan sun tafi biki wani ƙauye. Ta ce sai na gaba. Kafin na gaban, a tsakiyar rani, tsohon ya kwanta ciwo na 'yan kwanaki ya rasu.

Mama ta yi hidimar makokin kamar 'yar gida; a can ta wuni tana tuƙa tuwo har aka watse. Bayan an share makoki, 'ya'yan suka zagaya iyakokin ƙasarsu kamar yadda magada ke yi, suka ga lemo ya kai ƙugun mutum a gonar aro. Ba da daɗewa ba saƙo ya zo cewa ana nemanta a gidan mai unguwa. Ta roƙe ni in raka ta.

Da safiyar ranar na fito na same ta a ƙofar gida da babban daro a ka, zanenta duk laka. Ta je gona tun da sassafe ta tuge lemon gaba ɗaya. Saiwoyin suna leƙowa ta bakin daron, ƙasa tana zuba a kafaɗarta. Na tambaye ta dalili, ta ce gara su gani da idonsu cewa ba ƙasarsu take nema ba.

A zauren mai unguwa muka tarar da 'ya'yan tsohon zaune a kan benci. Babbansu sa'ana ne, mutum mai sanyin magana, wanda matarsa ke da rumfar doya a kasuwarmu. Mama ta sauke daron a gabansa, ta durƙusa, ta faɗi yadda suka yi da mahaifinsa, ba ƙari ba ragi. Ya dubi daron, ya juyo gare ta.

"Mama, tashi ki zauna, don Allah. Ni ban ce kin yi ƙarya ba. Baba zai iya faɗar haka, har na ji muryarsa a cikin maganar. Bai iya ce wa kowa a'a ba, abin da ya cinye mu ke nan."

Sai ya ba da labarin da ni ban sani ba. Shekarun baya, da gwamnati ta karɓi wani tudunsu don yin gine-gine, ma'aikatan da suka zo biyan diyya ba su biya kuɗin ƙasa ba, sai na abin da ke tsaye a kanta. Wani ɗan aro da mahaifinsu ya ƙyale ya dasa mangwaro a wurin shi aka biya, ya tattara ya bar garin. Su kuwa da kaburburan kakanninsu ke gefen tudun suka tashi hannu wofi. Tun ranar, in ji shi, shi da ƙannensa suka yi alkawari cewa idan ƙasa ta dawo hannunsu, duk wanda ya dasa itace a gonar aro ya bar ta.

"Ga su nan, ɗana," in ji Mama. "Na tuge su da hannuna. Ko ɗaya ban bari ba."

"Da ba ki wahalar da kanki ba, Mama. Kowa ya riga ya gan su a tsaye. In na ƙyale ki, gobe wani zai dasa nasa, ya ce in an yi magana ya tuge. Da ni kaɗai ne..." Ya dubi ƙannensa, ba wanda ya ɗago kai.

Na nemi izini na yi magana. Na ambaci marayun, na ambaci sharaɗin dangin mijinta, na ce kasuwar da dukanmu muke amfana da ita a kan irin su Mama ta tsaya. Ya saurare ni har na gama.

"Malam, ba na zargin kasuwarku, matata ma a can take samun na cefane. Amma tun da ta fara ci, ba a kwana biyu ba a yi sallama a ƙofarmu ana tambayar fuloti ba. Ƙasar da a da ba mai kallonta, yanzu kowa ya zuba mata ido. In ba mu riƙe ta da hannu biyu ba, za mu wayi gari muna haya a garin ubanmu."

Ban ga ƙarya a maganarsa ba. Mai unguwa ya roƙa mata alfarma guda, aka amince: ta ci gaba da ɗibar abin da ta shuka har ruwan farko ya sauka. Ta yi godiya, ta gaishe su ɗaya bayan ɗaya, muka fito. Mun yi nisa sai ga matar ɗaya daga cikin ƙannen ta biyo mu da gudu, ta miƙa mata daronta, an juye an ɗauraye shi. Mama ta karɓa ta kife shi a ka. Har muka iso gida ba ta yi kuka ba, sai ma tambayata da ta yi ko na karya kumallo.

Muka shiga neman wata gonar. Amma labari ya riga mu isa duk inda muka je. Masu ƙasa a bakin rafin suka fara karɓe gonakin aro ɗaya bayan ɗaya, wasu don tsoro, wasu don masu neman fuloti sun yi musu tayin da ba za su iya ƙi ba. Inda aka samu wuri kuwa, can gaba da Gonin Gora ne, nisan da mace mai ƙananan yara ba za ta iya zuwa ban ruwa kullum ba. Da ruwa ya sauka, Mama ta zo wurina ta tambaya, cikin jin nauyi, ko za a bar ta ta sari ganye a wajen masu a-kori-kura ta riƙa sayarwa a rumfarta. Muka zauna a kwamiti, muka sassauta mata ƙa'idar. Bayan ita muka sassauta wa wata, sannan wani, har muka daina zama a kan batun. Sarin bai karɓe ta ba. Ba ta iya sayar da ganyen da ya kwana ba tare da ta gaya wa mai saye ya kwana ba, kuma ba ta iya hana gyara ba. Muryar nan tata ta koma ciki.

Yanzu da na kai shekara hamsin, na juya wannan al'amari a raina fiye da yadda zan iya faɗa, ban kuma sami inda zan ajiye shi ba. Wani lokaci nakan ce kara ce ta jawo, da ta kai zakaran nan an wuce wurin. Wani lokaci nakan ce ko da shaidu goma, 'ya'yan za su jira ne kawai na ɗan lokaci, don birni yana tafe, da kasuwarmu ko babu ita. Amma kuma kasuwar ce ta kawo mai dashe, ita ta kawo masu tambayar lemo, ita ta ba Mama ƙarfin zuciyar yin tunanin shekaru goma gaba, alhali a da tunaninta bai wuce na gobe ba. Shin laifi ne a ba mutum irin wannan ƙarfin zuciya a kan ƙasar da ba tasa ba? Ban yarda laifi ne ba. Sai dai ban ƙara iya faɗar abin da na yi imani da shi da irin tabbacin da nake faɗarsa a da ba. A duk mutanen da ke zauren nan ban ga mugu ko ɗaya ba, kuma wannan ya fi damuna fiye da a ce na gani.

Kafin shekarun tamanin su ƙare, an yanka bakin rafin fuloti-fuloti, an maye gurbin rumfunanmu na zana da shaguna na bulo, kasuwar kuma ta koma ci kullum. Mama ba ta ga wannan ba. A ƙarshen daminar da ta rasa gonar, wan mijinta ya zo da motar haya. Babban yaron aka kai shi wurin wani baffansa a Kafanchan, biyu na tsakiya aka raba su gida biyu, ita kuma ta koma ƙauye da autar.